Yadda za ka rubuta labarin tafiyar teku da zaman tsibiri

In kana son rubuta labarin tafiyarka a jirgin ruwa, ka fara da sa ɗan littafi da fensir a aljihu, don biro yana zuba in takarda ta jiƙe, waya kuma ba ta shiri da ruwan gishiri. Ka samu wuri kusa da ma'aikatan jirgin ka kasa kunne, duk kalmar da suka faɗa ka rubuta ta yadda ta fito daga bakinsu, sai sun samu sarari ka tambayi ma'ana, kar ka tare mutum yana tsakiyar jan igiya.

Dan Allah kar ka sa kilomita a bakin kyaftin. Su da not suke auna gudu, not ɗaya shi ne mil ɗaya na teku a awa, mil na teku kuma mita 1852 ne, ka ga jirgi mai not 10 yana cin kusan kilomita 18 da rabi a awa kenan. Hagu da dama ma na jirgin ne ba naka ba, ana lissafa su ne in an fuskanci goshin jirgi, da dare jar fitila ce a hagu koriya a dama, to in ka hango su duka biyun a gabanka wancan jirgin kai ya nufo. Iska kuma maimakon ka yi ta cewa mai ƙarfi mai ƙarfi, tambayi lambarta a ma'aunin Beaufort, wato ma'aunin ƙarfin iska da ke tashi daga 0 zuwa 12.

Wajen tsibiri ne na fi ganin ana sakaci, kuma abin yana damuna wallahi. Mutanen can da cika da janyewar teku suke tsara yininsu, a yawancin gaɓa sau biyu yake faruwa a rana kuma kullum yana ƙara jinkirin kusan minti 50 saboda tafiyar wata. A gabashin tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya in ruwa ya janye za ka ga mata sun shiga can ciki suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi tsakanin turaku, gobe lokacin ya matsa, jibi ya ƙara matsawa, saboda haka kar ka rubuta wai kullum ƙarfe kaza suke fita. Ka kuma bincika daga ina ruwan shansu yake zuwa, da yadda gari yake komawa ranar da jirgin kaya ya iso.

In ka gama, nemi matuƙi ko masunci ka karanta masa, inda ya tsayar da kai ka gyara.