Kafin ka murza makulli a Saudiyya

Ƙannena na Ringim da Taura da ƙauyukan kewaye, masu shirin tafiya aikin direban gida, ga abin da nake ta maimaitawa a majalisa tun da na zo hutu.

Tuƙi kam ba a koya muku. Wanda ya saba jan mota shaƙare da kaya daga kasuwar Gujungu zuwa Kano, titin Riyad ba zai ba shi tsoro ba, kuma Larabawa sun san 'yan wajenmu da haƙuri da riƙon amana. Baƙin mai, ruwan lagireto, birki, fitilu, madubi, duk kun sani. Taya ce kawai zan tsaya a kanta. A watan Yuli zafi yakan kai digiri 45, tsohuwar taya tana fashewa ko da zanenta bai cinye ba. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin rubutun da ya fara da haruffan DOT: 1522 na nufin an yi ta a mako na 15 na shekarar 2022. Iska kuma da safe ake aunawa, kafin taya ta ɗau zafi.

Abin da ke kayar da mutanenmu takarda ce. Kafili, wato maigidan da ya ɗauko ka aiki, ya miƙo makulli, sai yaro ya karɓa jiki na rawa, kunya ta hana shi tambaya. Kunyar me? Istimara, wato rajistar motar, tana da wa'adi. Inshora tana da wa'adi. Fahas, gwajin lafiyar mota, shi ma haka. Sannan akwai tafwid, izinin da mai mota zai saka sunanka a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, cewa ya yarda ka tuƙa. Lasisin gida ba zai riƙe ka ba, dole ka yi nasu. Wani yaro ɗan wajenmu, ko wata uku bai cika ba, ya daki bayan wata mota a go-sulo. Abu kaɗan ne, fitila da bamba. Da aka zo dubawa, ashe inshora ta daɗe da ƙarewa. Maigidan ya ce shi bai san zance ba, aka riƙa zare kuɗin gyara daga albashinsa, matarsa a nan tana jiran aike har damina ta wuce.

Idan an yi karo babu rauni, Najm ake kira, wato kamfanin da ke duba haɗarin mota domin inshora, ka ɗauki hoto, ban da sasantawa a bakin titi irin ta gida. Kyamarorin Saher kuwa, masu kama laifin tuƙi a kan titi, ba su san "ranka ya daɗe" ba. Bel, waya a hannu, gudu, duk suna gani, tsallake jar danja kuma tararsa daga riyal 3,000 take farawa. Tarar da ba a biya ba tana iya tsayar da bizar fitarka.

Ranar da aka ba ka mota, ka zagaya ta da wayarka, ka ɗauki hoton duk wata lotsawa da ƙarzuwa, ka tura wa maigidan ta WhatsApp kafin ka fita da ita daga gareji.