Yadda Ake Cin Moriyar Ranar Hutu a Doguwar Tafiyar Keke Cikin Ayari

Bayan kwana biyar ko shida kuna murza feda a ƙasar da ba taku ba, madugu zai ce gobe babu tafiya, an yada zango. Mutum biyu ne ke ɓata wannan rana: wanda ya miƙe a gado tun safe har dare, da wanda ya rantse sai ya leƙa kowane lungu na garin. Dukansu da ƙyar suke hawa sirdi washegari.

Fara da wanki, tun daren da kuka sauka. Wandon keke mai soso a ciki ba ya bushewa da wuri, kuma gumin da ya kwana a soson nan shi ke jawo ƙuraje a mazaunai. Ka wanke shi, ka ɗauraye har sabulun ya fita tas, ka shimfiɗa shi a kan tawul, ka naɗe kamar tabarma, ka taka da ƙafa. Tawul zai tsotse ruwan da matsa da hannu ba ta fitarwa. Sai ka shanya a juye.

Da safe kada ka saka ƙararrawa, amma kada karin kumallo ya wuce ka.

Daga nan sai keke, kuma kafin azahar. Dalili shi ne shago: a Jamus yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi, a Faransa ƙananan shaguna da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin, a Sifen kuwa sukan rufe da rana tsaka. Wanda ya bari sai yamma ya gano birkinsa ya cinye, ya makara. Ka kama sarƙa da tsumma, ka juya feda baya har baƙin ya ragu. Ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka jira minti goma, ka goge na sama, domin man da ke waje ƙura kawai yake tarawa. In wani a ayarin yana da ma'aunin sarƙa, ɗan ƙarfen da ke nuna yadda ta miƙe, ara: miƙewar ta kai kashi 0.75 cikin ɗari a canja ta, ta keke mai giya 11 ko 12 a baya kuwa tun a 0.5. Sannan ka juya taya a hankali ƙarƙashin haske kana duba ƙananan tsaguwa. Sau da yawa za ka ga ɗan ƙyalli, kwalba ce ƙarama kamar ƙwayar yashi ta maƙale, tana cin roba kaɗan-kaɗan. Zaƙulo ta da tsinin allura. Ƙarshe, bi notocin kariya, wato wurin ɗora kaya, da sifana, girgizar hanya tana kwance su.

Abin da mutane ke ƙin ji shi ne: ka hau keken. Gasar Tour de France, babban tseren keke na Faransa, zango 21 ce da ranakun hutu biyu, kuma a ranakun nan ma 'yan tseren sukan fita su yi awa ɗaya ko biyu, don kada ƙafa ta yi nauyi. Kai minti 30 zuwa 45 sun ishe ka, babu kaya, a giya mai sauƙi, yadda za ka iya hira ba haki. A nan ne ma za ka ji ko gyaran da ka yi ya zauna.

Kada ka rage ci don ba ka aiki yau. Tsoka tana buƙatar kamar awa 24 da abinci mai sitaci kafin ta mayar da abin da ta ƙona. Sha ruwa har fitsari ya yi haske. Baƙon abinci a ɗanɗana, kada a cika ciki da shi, gobe akwai hanya.

Yawon gari a zaɓi wuri ɗaya ko biyu, a tafi a mota ko jirgin ƙasa in da nisa. Tsayuwar awa uku a gidan tarihi tana gajiyar da ƙafa sosai. In kana son kaɗaici, faɗa a fili, ba laifi ba ne, mako guda ana jin numfashin juna. Ka dai ɗauki katin masauki mai adireshi, ka san lokacin haɗuwa. Gwiwa kuwa in tana suka a wuri ɗaya, ba tsamin jiki ba ne, gaya wa madugu yau a duba tsayin sirdinka.

Da yamma ka yi cajin waya da fitila, ka duba inda tuddan gobe suke da inda ake samun ruwa, ka haɗa jaka. Famfo kaɗai za ka bari a waje, iskar taya sai da safe.