Yadda mai keke zai riƙe nauyinsa daga bazara zuwa hunturu

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekuna suka dawo titunan Kano, har magidantan da suka rabu da feda tun suna samari. Ni ma a keke nake zuwa shago daga Hotoro, kuma ƙorafin abokan hanya iri ɗaya ne: da bazara wando har zamewa yake, kafin sanyi ya wuce kuma ya ƙi ɗauruwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ana jingine keke, amma ba a jingine cokali. Cikin da ya saba da malmala uku lokacin da ake tuƙi kullum, malmala uku zai ci gaba da nema ko an yi wata ba a hau sirdi ba.

Ga lissafin. Mutum mai kilo 70 yakan ƙona kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) 400 zuwa 500 a tuƙin awa guda, idan ba gudu yake ba kuma ba lallaɓawa yake ba. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Ke nan wanda ya saba tuƙin awa guda kullum, ya daina bai rage ci ba, cikin sati biyu zuwa uku kilo guda ya hau kansa. Jiki kamar rumbu yake, duk abin da ba a taɓa ba ajiye shi zai yi.

Ka fara da awo. Sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin ka karya, a kan sikeli ɗaya, ko da na kemis ɗin unguwa ne. Ni na fi yarda da tef ɗin tela. Ka zagaya shi daidai cibiya: kada awon ya wuce rabin tsawonka. Mai tsawon inci 68, kada cikinsa ya haura inci 34. Ka rubuta a littafi, domin sai ka ga watanni a jere za ka gane lokacin da teɓarka take fitowa.

Ramar bazara tana ruɗin mutane. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, mai keke kuma zai iya zubar da lita guda ta gumi a awa ɗaya. Lita guda ta ruwa kilo guda ce cif, saboda haka abin da sikeli ya nuna ya ragu bayan tuƙi yawanci ruwa ne, gobe zai dawo. Ka fita bayan asuba kafin rana ta take, ka dawo bayan la'asar, gorar ruwa a ɗaure a jikin keke. Idan fitsarinka ya yi duhu, ruwan da kake sha bai isa ba. Tarkon bazara yana cikin abin sha mai sanyi. Robar lemo ta rabin lita tana da sukari kusan giram 50, wajen ƙaramin cokali 12, kuma wannan shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sha a yini. Roba ɗaya ta cinye tuƙin rabin awa. Zoɓo da kunun aya na kan titi ma ba a yi musu rowar sukari. Ka sha ruwa tukuna, sannan kankana, ko fura da nono ba sukari.

Damina ce take kayar da yawancinmu, don haka a nan zan daɗe. Hadari ya haɗo ranar Litinin ka shiga adaidaita, Talata lungu ya cika da taɓo, Laraba taya ta sace, shi ke nan keke ya koma zaure sai kaka. Kada ka bari a kai nan. Tun kafin ruwan farko ka kai shi wajen mai gyara ya sa maka madigadi gaba da baya, ya duba birki, ya canza tayar da ta suɗe. Kayan aikinka ka naɗe su a leda, ka tuƙa da tsofaffi. Ruwanmu ba ya cika yini yana zuba, sai ko a watan Agusta. Yawanci awa ɗaya ko biyu ya ɗauke, saboda haka fakewa ta fi fasawa. Duk ranar da ruwa ya daki keken, ka goge kaca ka ɗiga mata mai, in ba haka ba tsatsa za ta ci ta. Birki ba ya kamawa da wuri idan taya ta jiƙe, ka fara dannawa tun daga nesa. Ruwan da ya kwanta a titi kuwa, wallahi kada ka shiga, ba ka san inda kwata take buɗe ba.

Ka sa wa kanka ƙa'idar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako. Minti 150 rabin awa ne sau biyar, ko damina mai albarka ba za ta hana ka wannan ba. Ranar da ba ka hau ba kuma, kwano ya sani: rage malmala ɗaya, a ƙara miya. Allah ya sa a lokacin ne ganye yake araha, ga zogale, ga rama, ga alayyafo. Kwaɗo yana cika ciki, muddin ba a malale shi da mai ba, don babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne. Ka faɗa wa uwargida tun da rana ta rage zubi, ya fi a kawo maka kwano cike kana kokawa da zuciyarka.

Kaka lokacin tuƙi ne mai daɗi, ka tsawaita hanya. Ka dai kula da sabuwar gyaɗa: giram 100 na soyayyiya ya kusa kalori 600, ga shi ana cinta ana hira ba a sani ba.

Da hunturu, bargo ne abokin gaba, sai teburin mai shayi. Sanyi yana buɗe ciki, mutum ya zauna ya haɗa shayi mai kauri da madara, burodi, ƙwai da indomi, alhali ranar ko keken bai taɓa ba. Ka zaɓi abu ɗaya a ciki, ko ka koma kunu da ƙosai kaɗan. Ka jinkirta fita har rana ta ɗan ɗago, ka sa takunkumi saboda ƙura, ka sa riga mai haske da fitila gaba da baya, domin direba ba ya hango mai keke cikin hazo. Mai asma ya haƙura ranar da ƙura ta yi yawa. Ƙishirwa ba ta damun mutum da sanyi, amma iskar busasshiya ce, ka ci gaba da shan ruwa. Kaca kuma mai kaɗan take so yanzu, idan ya yi yawa ƙura ce za ta manne.

Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka yana ratsa kowane yanayi. Ka tuƙa a hankali, dogon tuƙi ka bar shi sai dab da shan ruwa ko bayan asham. Abin da aka rage da azumi yakan dawo cikin 'yan makonni bayan Sallah, musamman ga wanda buɗa bakinsa soye-soye ne.

Hawa da sauka na kilo ɗaya ko biyu a shekara ba abin damuwa ba ne. Amma idan kana ramewa ba ka ƙara tuƙi ba, ba ka rage ci ba, ga yawan ƙishirwa da fitsari, ko tarin da ya wuce sati biyu, kada ka ɗora wa keke. Ka je asibiti a gwada ka ciwon suga da tarin fuka. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mai shan maganin suga, su ga likita kafin su ƙara nisan tafiya.