Yadda ake zaɓen wufa da akwatinta don bes mai nauyi a mota

Wufa ita ce babbar lasifikar da ke fitar da bes, wato sautin ƙasa mai kauri. Yawancin masu son bes kan sayi wufar da ta fi babbar lamba a kwali, sannan su kai wa kafinta ya ƙera mata akwati da ido. Daga nan matsala ke farawa. Wufa mai tsada a akwatin da bai dace ba, gunji kawai za ta yi; mai matsakaicin kuɗi kuwa, idan aka auna mata akwati daidai, sai ka ji bes ɗin a ƙirjinka. Saboda haka ka fara da auna but ɗin motarka, ka san filin da za ka iya bayarwa, kafin ka je shago.

Girman wufa da ƙarfinta

Inci 8 da inci 10 sun ishi ƙaramar mota ko akwatin bayan kujera. Inci 12 ita ce tsaka-tsaki, ita muke ba yawancin mutane shawara. Inci 15 na cin fili sosai, kuma in aka matse ta a ƙaramin akwati, mai inci 12 sai ta fi ta daɗi.

Kada ka kula da wat 2000 ɗin da aka rubuta da manyan haruffa. Nemi lambar RMS, ita ce ƙarfin da wufar ke ɗauka a kai a kai ba tare da kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, ya ƙone ba. Amfilifayar, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai wufa, ita ma da RMS za ka auna ta, su yi kusa da juna.

Sai om, wato awon yadda wufa ke tare wutar da ke shigarta. Wufa mai kwayil biyu, kowanne om 4, idan ka haɗa fozitif da fozitif, negatif da negatif, za ta zama om 2. Idan ka jera su, wato negatif na farko ya shiga fozitif na biyu, ta zama om 8. Mai kwayil biyu na om 2 kuwa tana ba da om 1 ko om 4. Duba mafi ƙarancin om da amfilifayarka ke jurewa. Ka yi ƙasa da shi, za ta yi zafi ta riƙa katsewa, wata rana ta ƙone.

Rufaffen akwati ko mai bututu

Rufaffen akwati ba shi da ko ƙofar allura. Iskar da ke ciki ce ke riƙe bayan wufar, shi ya sa bugun ganga ke fita tsaf, ba ya jan wutsiya. Wufa inci 12 na son kimanin lita 28 zuwa 35, inci 10 kuma lita 15 zuwa 21. Yana yafe kuskure: ko kafinta ya kauce da lita biyu, kunne ba zai kama ba. Ita ma motar, da yake ɗakinta ƙarami ne, tana ƙara wa sautin ƙasa ƙarfi da kanta. Wanda bai taɓa haɗa akwati ba, da wannan ya kamata ya fara.

Mai bututu ya fi ƙara da wat iri ɗaya, amma ya fi girma, lita 50 zuwa 57 ga inci 12, kuma ba ya yafiya. Faɗin bututun da tsawonsa da girman akwatin su ne ke tsayar da sautin da zai fi ƙarfafawa, galibi tsakanin 32 da 38 Hz (Hz awon sauti ne, ƙaramar lamba ita ce sauti mai kauri). Misali, akwatin lita 50 da bututun ruwa na roba mai inci 4 zai sauka wajen 35 Hz idan tsawon bututun ya kai santimita 31. Ka gajarta shi, sautin ya hau sama ya koma buu-buu iri ɗaya a kowace waƙa. Ka sa siriri, iska ta riƙa fito a bakinsa. Bakin bututun na ciki ya nisanci bango da aƙalla santimita 10. In fili bai isa ba, a sa masa gwiwa.

Takardar da ke zuwa da wufa tana da lambar Qts, wadda ke taimaka maka sanin irin akwatin da ya dace da ita. Ƙasa da 0.4 ta fi son mai bututu, daga 0.4 zuwa 0.7 rufaffe. Idan kamfanin ya rubuta litar da yake so, bi nasa. Manhajar WinISD kyauta ce, tana yi maka lissafin bututu.

Ƙera akwatin

Lita daga awon ciki ake lissafa ta. Santimita 40 sau 35 sau 25 ya ba da 35,000, ka raba da 1,000, lita 35 ke nan. Cire lita 2 zuwa 3 da maganaɗisun wufar da ƙarfenta ke cinyewa, da wurin bututu in akwai. Yi amfani da katakon MDF mai kaurin milimita 18, don haka awon waje zai ƙaru da santimita 3.6 a tsawo da faɗi da zurfi. Siririn filawud yana rawa tare da wufar, ya sha rabin bes ɗin.

Shafa gam ɗin katako a kowace mahaɗa, ka huda ramin sukuru tukuna don MDF na tsagewa, ka ɗaure kowane santimita 10 zuwa 15. Bi kusurwoyin ciki da silikon, ka bar shi awa 24 kafin ka ɗora wufar, saboda tururinsa na cin gam da robar bakinta. Gwajin rufaffe ba wuya: danna tsakiyar wufar a hankali da yatsu, in ta dawo sannu sannu akwatin ya rufu, in ka ji shuu akwai yoyo. MDF na kumbura in ya sha ruwa, don haka but mai yoyo a gyara shi kafin damina.

Wuta da saiti

Amfilifaya ajin D mai wat 500 na jan kimanin amfiya 45 idan ta buɗe wuta. Ja mata wayar tagulla zalla lamba 4. Wayar alminiyom da aka shafa wa tagulla ta fi arha amma ba ta ɗaukar wuta kamarta. Fiyus ya zauna cikin santimita 45 daga batir, domin waya yake karewa, kada ta goge da ƙarfe mota ta kama wuta. Wayar negatif ta zama gajera, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fari kafin a ɗaure ta a jikin motar. Fitilu na lumshewa da kowane bugu? Duba wannan ɗaurin da batir da altaneta kafin ka sayi kafasito, wato na'urar da ke ajiye wuta na ɗan lokaci.

Sa matatar LPF, mai barin sautin ƙasa kaɗai ya wuce, a 80 Hz don kada murya ta biyo wufar. A mai bututu dole ne a kunna matatar sabsonik, mai yanke sautin da ya yi ƙasa da yawa, wajen 28 Hz, saboda ƙasa da saitin bututun akwatin ba ya riƙe wufar, sai ta yi ta lilo har ta yage.

Maɓallin gen na amfilifaya ba na ƙara murya ba ne, na daidaita ta da ƙarfin sautin rediyo ne, kuma murɗa shi fiye da kima kan kashe wufa. Cire wayar wufar, kashe ƙarin bes, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, sa sautin gwaji na 50 Hz, ka saita mita a kan awon bolt na AC, ka ɗora ta a wurin da ka cire wayar wufar a jikin amfilifaya. Wat 500 a om 2 na buƙatar bolt 31.6. Murɗa gen har mita ta nuna haka, ka tsaya. Kada ka manne amfilifayar a jikin akwatin, girgiza na kwance mata kaya. Nemi inda iska ke ratsawa, don but a watan Afrilu tanderu ne.

A ƙarshe juya fuskar wufar ta kalli bayan mota, santimita kaɗan daga ƙofar but, ka ɗaure akwatin da ƙarfe a ƙasa. In bes ya yi rauni a kujerar direba, juya maɓallin fes, wanda ke juya motsin wufar gaba da baya, daga 0 zuwa 180 ka sake saurara.