Yadda za ka yi aiki da kwamfutarka a gidajen gahawa na Iskandariyya

Duk wanda zai zauna a Iskandariyya ta ƙasar Masar yana aikinsa ta intanet, shawarata ta farko ita ce kada ya bari ido ya zaɓar masa wurin zama. Garin tsoho ne, tun shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa aka kafa shi, kuma ya miƙe ne a bakin Bahar Rum, dogo siriri, ta yadda kusan ko'ina ka tsaya teku na kiranka. To wurin da ya fi daɗin kallo ba safai yake zama wurin da aiki zai tafi ba. Ni aikina fassara ne da gyaran rubutu, masu ba ni aikin kuma suna Kano da Abuja, don haka abin da nake nema a gidan gahawa shi ne soket, da intanet mai ɗaukar kiran bidiyo, da teburin da ba za a riƙa hararata ba idan na daɗe a kai.

Kafin ka je ko'ina, ka tanadi abu biyu. Na ɗaya adafta. Soket ɗin Masar mai ramuka biyu ne zagayayyu, irin na Turai, cajar da muke zuwa da ita daga Najeriya kuwa mai ƙafa uku ce, ba za ta shiga ba. Mutanen Nijar ba su da wannan matsalar. Na biyu layin waya na can. Ka ɗauki fasfo ɗinka ka je ofishin Vodafone ko Orange ko WE ko e&, wato tsohon Etisalat, ka sayi layi da data mai yawa. Kada ka raina wannan. Intanet ɗin gida da na shago a Masar ana sayar da shi ne da ƙayyadadden ma'auni, idan ya ƙare sai ya koma tafiyar hawainiya, shi ya sa masu gidajen gahawa da dama suke tsuke hannu da waifai ɗinsu, wasu ma su ce maka yau ya lalace. Idan kana da naka a aljihu, babu mai ja maka rai. Sai dai ka sani, tun farkon 2025 wayar da aka shigo da ita daga waje, in aka sa mata layin Masar, kwana 90 ake ba ta kafin a nemi harajin kwastan. Mai niyyar daɗewa gara ya sayi ɗan akwatin waifai na aljihu a ofishin kamfanin. Idan kuma wurin aikinku na tilasta amfani da VPN, wato manhajar da ke killace hanyar shigarka intanet, ka gwada shi tun ranar da ka sauka, domin wasu nau'o'insa ba sa aiki a ƙasar.

Gidajen gahawar garin iri uku ne a wurina, kowanne da aikin da ya dace da shi.

Akwai tsofaffin da ke tsakiyar gari, kewayen dandalin Sa'ad Zaglul da tashar Raml, waɗanda suka samo asali tun zamanin da Girkawa da Italiyawa suka cika birnin. Délices tun 1922 yake nan, Brazilian Coffee Stores tun 1929, ga Trianon a ƙasan otal ɗin Metropole. Ka je, wallahi sun cancanci zuwa, amma ka je da batir cike. An gina su ne don hira da cin kek, babu wanda ya yi tunanin kwamfuta a lokacin, soket ɗin da ke akwai ƙalilan ne, kuma sau da yawa yana bayan teburin wani dattijo da ba shi da niyyar tashi. A Brazilian ma yawancin mutane kurɓa suke su wuce. Nan nake kai aikin da ba ya son intanet sosai: karanta daftari, gyaran jimloli, tsara abin da zan yi a mako. Da safe ne lokacinsu, kafin sha biyu. Mutanen Iskandariyya ba masu sammako ba ne, sai ka tarar da rabin kujerun babu kowa.

Sai ahwa, wato gidan shayin unguwa, kujeru a bakin titi, ana buga domino da tawla, wani wasan allo mai kama da dara, hayaƙin shisha na tashi. Kamar teburin mai shayi ne a gida, sai dai a nan babu mai ƙosawa da kai ko ka wuni. Arha ne ƙwarai, kuɗi hannu ake biya, kuma nan za ka ji labarin gari. Amma teburinsu ɗan ƙarami ne na ƙarfe, da ƙyar yake ɗaukar kofi da kofin ruwa, balle kwamfuta. Amsa saƙo a waya kawai nake yi a can. 'Yar'uwa mai karatu, ki sani yawancin irin waɗannan wuraren maza ne ke cika su, za ki fi sakewa a na zamani.

Na zamanin su ne ofishina na gaskiya, kuma mafi kyawunsu ba a bakin teku suke ba. Ka shiga ciki, unguwannin Kafr Abdu da Rushdi da Smuha, inda ɗalibai da matasa ma'aikata ke zama da kwamfutocinsu. Akwai rassan Cilantro da Costa da Starbucks a garin, akwai kuma ƙananan wurare masu zaman kansu da suka fi su shiru. Da ka shiga, kafin ka zauna, ka dubi gindin bango. Idan ba ka ga soket ba ka tambayi ma'aikacin, "Fi fisha?" zai nuna maka. Sannan ka tambaya ko suna da mafi ƙarancin abin da dole mutum ya kashe, domin wasu wuraren suna da wannan ƙa'idar, musamman da yamma da ƙarshen mako. Farashin da ke kan takardar abinci ma ba shi ne ƙarshe ba, galibi ana ɗora kashi 12 cikin ɗari na hidima da kashi 14 na haraji. Ni duk bayan awa biyu nakan sake yin odar wani abu, in kuma bar ɗan ihsani idan zan tashi. Ma'aikacin da ka kyautata wa yau shi zai ajiye maka teburin kusa da soket gobe.

Game da Kornish, wato babban titin bakin teku, ra'ayina ba zai yi wa kowa daɗi ba: wurin hutawa ne. Hasken da ke tashi daga ruwa yana hana ka ganin allon kwamfuta, hon ɗin motoci ba ya yankewa, danshin gishiri kuma na manne wa komai. Wanda ya taɓa yin taron bidiyo a can ya san sau nawa aka ce masa "ba ma jin ka". Idan za ka tsallaka titin, ka nemi hanyar ƙarƙashin ƙasa, motocin ba sa saurara wa kowa.

Ranar da aiki ya yi nauyi har ba na son jin motsin cokali, Babban Ɗakin Karatu na Iskandariyya nake nufa, wanda aka buɗe a 2002 a unguwar Shatbi. Zauren karatunsa hawa-hawa ne, yana ɗaukar mutum 2,000, rufinsa kuma a karkace yake, hasken rana na shigowa ba tare da ya doki fuska ba. Ana sayen tikiti, baƙo ya fi ɗan ƙasa biya, kuma ana ajiye jaka a waje. Ba wurin amsa kira ba ne, amma awa uku a can ta fi min wuni a wani wurin.

Lissafin lokaci yana rikita sabon zuwa. Masar na gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, amma tun 2023 ta dawo da agogon bazara, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba tazarar takan zama awa biyu. A waɗannan watannin taron ƙarfe huɗu na yamma a Abuja ya zama na ƙarfe shida a wurinka, daidai lokacin da gidajen gahawa ke cika da hayaniya. Irin wannan taron a masauki nake yin sa. Hutunsu kuma Juma'a da Asabar ne, ke nan ranar Juma'a kana da aiki gari na hutu, ranar Lahadi kai kana hutu gari na aiki. Safiyar Juma'a tituna fayau suke, ba ni da lokacin da ya fi shi. In na rufe kwamfuta sai in nufi masallacin Abul Abbas al-Mursi a Anfushi, kusa da shi kuma ga masallacin Imam Busiri mai Burda inda kabarinsa yake, gaba kaɗan ga ganuwar Ƙaitbai da aka gina wajen 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar fitila.

Yanayi ma da nasa. A watannin Yuli da Agusta mutanen Alƙahira kan kwararo shan iska, Kornish ya cushe, haya ta hau. A bazarar 2023 da ta 2024 an yi rabon wutar lantarki a faɗin ƙasar, don haka ka riƙa yawo da batirin ajiya. Da sanyi kuma akwai nawwa, iska mai ƙarfi da ruwan sama da kan cika tituna, sai ka sa kwamfutar a leda kafin ka sa ta a jaka. Da azumi wurare da yawa a rufe suke da rana, sai bayan buɗa-baki su buɗe har sahur.

Idan ka yi odar gahawar Turkiyya za a tambaye ka sukari: sada babu ko kaɗan, mazbut madaidaici, ziyada mai yawa. Wanda gahawa ba ta karɓe shi ba ya ce karkade, zoɓo ne, ana kawo shi da zafi ko da sanyi, da sanyin hunturu kuma ya gwada sahlab, wani abin sha mai zafi mai kauri na madara. In za ka tashi ka ce "El-hisab, lau samaht", wato a kawo lissafin kuɗi don Allah, kuma ka riƙe canji a aljihu, don ba ko'ina ake karɓar kati ba.