Yadda Ake Koya Wa 'Yan Firamare Awon Lita

Malamai sun yi ta tambayar yadda za su fara darasin lita. Ga yadda ake yi:

1. Ka tanadi fiyawata, gorar lita ɗaya, kofi da bokiti.
2. Fitar da yaran gindin bishiya, don ruwa zai zube.
3. Nuna musu 50cl da ke jikin ledar, wato rabin lita.
4. Sa yaro ya juye leda biyu cikin gorar. Lita ke nan.
5. Juye ruwan cikin faffaɗan kwano.

Hattara: a nan za su ce ruwan ya ragu. Kada ka yi musu gardama, mayar da shi gorar su gani da idonsu.

6. Su canki kofi nawa zai cika bokitin.
7. Sannan su auna.