Birkin tsohuwar Bitil: ba kullum iska ce ba

Na gaji da ganin yara a garejinmu na Agege suna malalar da man birki a ƙasa da sunan cire iska. Da an taka birki ya yi ƙasa, sai ka ji an ce iska ce. Wa ya gaya muku?

Ni ma na sha wannan wahalar. Bitil ce, wato motar Volkswagen, ta wani Alhaji, irin waɗanda aka harhaɗa a Ojo ta Legas, ƙafa huɗu duk birkin dirom. Tun hantsi nake kwance a ƙarƙashinta ina "danna, riƙe, saki" har la'asar. Kwalba uku ta ƙare, cinyar yaron da ke dannawa ta sage. Na ɗora wa masta, wato famfon da ke tura man birki, laifi, na tafi kasuwar kayan mota ta Ladipo na sayo sabuwa da kuɗin aljihuna. Birki yana nan jiya i yau. Maigidana ya zo, bai ce uffan ba, ya zura sukuddireba ya juya haƙoran saiti. Ashe lainin, wato abin da ke matse dirom ya tsayar da taya, shi ne ya ci, ya yi nisa da dirom, ita kuwa Bitil ba ta matse tazarar da kanta.

Saboda haka saiti ne farko. Kowace ƙafa tana da wurin saiti biyu. Juya har taya ta cije, sannan ka sassauta har ta juya da ɗan guga kaɗan. Ƙafarka ma za ta gaya maka: iska taushi take sawa kamar ka taka soso, tazara kuwa birki zai sauka amma ya tsaya da tauri.

Sai masu zuba baƙin mai ko man sitiyari wai "ai duk mai ne". Haba! Robobin ciki kumbura suke yi, sai an canza su kaf. Man birki DOT 3 ko DOT 4 za ka zuba, kuma sabuwar kwalba. Wadda ta kwana a buɗe a daminar Legas ta riga ta sha danshi, ni ba na amfani da ita.

In za ka cire iska, fara da ƙafar baya ta dama, ka ƙare da gaba ta hagu. Riƙa leƙa tankin man birki, in ya ƙafe ka koma farko. Kada ka kwance ɓangare biyu lokaci guda, bar ɗaya ka kwaikwayi zaman sifirin. Ƙurar dirom kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma, ban da hurawa da baki, tsofaffin lainin akwai asbestos, mai cutar da huhu, a cikinsu.

Notin cire iska in ya yi tsatsa, jiƙa shi ya kwana. Sifana mai lamba 7 ba ta son ƙarfin tuwo.